Baladiyya ta ci ni tara bisa kuskure, wa zan kai wa kuka?

Tambaya: Malam, ina da shagon turaren wuta da atamfa a nan Saudiyya. Mufattishin baladiyya, wato jami'in duba shaguna na hukumar birni, ya rubuta mini garama (tara), wai ruksar shagon (lasisi) ta ƙare, alhali na sabunta ta mako biyu kafin zuwansa. Abokai sun ce in nemi mai wasɗa, wato mai hanya a ofishin. Ina mafita?

Amsa: Alhaji, ka bar zancen wasɗa. Abin da za ka damƙa wa ɗan tsakani sunansa rashawa, kuma hukumar yaƙi da rashawa ta Nazaha, mai lambar waya 980, ba ta ƙyale mai bayarwa balle mai karɓa. Da gaskiyarka a hannu, me zai kai ka?

Fara da inda aka yanke tarar. Ka shigar da ƙin amincewarka ta manhajar Balady, ka haɗa hoton sabuwar ruksa da rasiɗin biya mai ɗauke da kwanan wata. Lambar 940 ta koke-koken baladiyya ce, tana da amfani, amma kira ba ya maye gurbin rubutu. Ka adana lambar koken.

In sun ƙi, sai Diwanul Mazalim, kotun ƙarar hukumomin gwamnati. Nan ne talaka ke tsayawa da ofishin gwamnati a gaban alƙali. Tun 1955 yake tsaye da ƙafarsa, kuma dokar 2007 ta tsara kotunan da ke ƙarƙashinsa. Alƙali zai nemi ofishin ya kawo hujjarsa, ya duba taka, in ya ga an kauce wa ƙa'ida ya soke hukuncin. Ana shigar da ƙara ta intanet, a dandalin Mu'in.

Inda 'yan kasuwarmu ke faɗuwa shi ne wa'adi. Ƙa'idar gama-gari: kwana 60 kake da su ka kai kuka ga ofishin daga ranar da ka san hukuncin. In suka yi kwana 60 ba amsa, shirun nan ƙi ne, sai ka sami wasu 60 na zuwa kotu. Duba takardar garamar, ko ta sa wa'adin da bai kai haka ba. Mu kuwa sai "bari a gama Hajji", har ƙofa ta rufe.

Amma Alhaji, sunan wa ke kan ruksar? Mai sunan ne ke da bakin ƙara. In shagon naka ne amma da sunan wani ɗan ƙasa, wannan tasattur ne, hukuncinsa na kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5. In haka ne, ga lauya tukuna.