Tambayi Mushe: Wa ke riƙe da akalar makarantun Shikago?

Tambaya: Salamu alaikum Mushe, da fatan kana lafiya da iyali. Ƙanena yana zaune a Shikago ta Amurka shekara tara ke nan, yana tuƙin babbar mota, yaransa uku suna lakwal ɗin gwamnati a can. Da muka yi waya ranar sallah sai ya ce mini wai ya je ya jefa ƙuri'a a makarantar yaran, kuma wai waɗanda suka zaɓa su ne ke ɗaukar darakta, in bai yi musu ba su sallame shi. Na ce kai da ko takardar zama ɗan ƙasa ba ka da ita? Ya yi ta rantse-rantse. Ni dai na san shi da ƙarin gishiri tun yana ƙarami. Gaskiya ya faɗa? In ba minista ba, wa ke mulkin makarantun gari kamar wannan?

Daga wata mai sayar da atamfa a Kasuwar Dole, Damagaram

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kira ƙanenki ki ba shi haƙuri, wannan karon miyar tasa ba ta yi gishiri ba. Sai dai zaɓen makaranta iri biyu ne a garin, ɗaya yana da hannu a ciki, ɗayan kuwa sai dai ya kalla daga nesa.

Mu a nan mun saba komai daga Yamai yake gangarowa: minista ya sa hannu, takarda ta iso ofishin ilimi na jiha, ta wuce wurin sufeto, sannan ta same ni a lakwal, wani lokaci bayan an gama abin da takardar ke magana a kai. A Amurka ba haka ba ne. Akwai ma'aikatar ilimi a Washinton, amma ba ta ɗaukar wa Shikago malami ko ɗaya, ba ta tura darakta. Karatu hurumin jihohi ne, jihohin kuma sun yanka shi gunduma-gunduma, wajen 13,000 a faɗin ƙasar, kowace da hukumarta da asusunta. Gundumar Shikago, a jihar Ilinoi, tana cikin manyan: makarantu sama da 600, yara sama da 300,000. Ki ƙaddara duk mutanen da aka ƙirga a birnin Damagaram a ƙidayar 2012, tsoho da jariri, kowa ya rataya jaka ya nufi aji. Abin da take kashewa a shekara ya haura dala miliyar 9, dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa biyar ba. Kaso mafi tsoka daga harajin gidaje da filayen garin yake fitowa, sai na jiha, na Washinton shi ne ƙarami. Shi ya sa mutanen garin ke ganin makarantun nasu ne, don aljihunsu ya shaida.

Zaɓen da ƙanenki ya yi na majalisar makaranta ne, wadda kusan kowace lakwal ta unguwa ke da irinta. Asalinta rikici ne. A 1987 malaman garin suka yi yajin aiki na kwana 19, a shekarar kuma sakataren ilimi na ƙasar, William Bennett, ya ce makarantun Shikago sun fi na ko'ina lalacewa a Amurka. Iyaye suka fusata, majalisar dokokin jiha ta yi doka a 1988, aka yi zaɓen farko a 1989. A kowace majalisa akwai iyaye shida, mutanen unguwa biyu, malamai biyu, ma'aikaci ɗaya wanda ba ya koyarwa, da darakta, a makarantun sakandare har da ɗalibai. Shugaban majalisar dole ya fito daga cikin iyaye. Duk shekara biyu ake zaɓen, cikin watan Afrilu, a ranar da iyaye ke zuwa karɓar takardar sakamakon yara, dabarar da ta burge ni, don dama mutum yana wurin. Ba a tambayar takardar zama ɗan ƙasa. In ɗanka yana makarantar ko kana zaune a unguwar, ka isa.

Ikonsu kuwa ba na ado ba ne. Su ke zaɓen darakta, su ba shi kwantiragin shekara huɗu, in wa'adin ya cika su sabunta ko su ce masa Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Su ke amincewa da tsarin aikin shekara da yadda za a kashe kuɗin makarantar. Inda ƙanenki ya ɗan zarce kawai shi ne, ba wai da safe ɗaya suke tashi su kore shi ba.

A saman waɗannan duka akwai babbar hukumar ilimi ta gari, mai iko da kasafin kuɗi, da buɗe makaranta da rufe ta, da ɗaukar shugaban gunduma. A nan ne aka fi jan igiya. A 1995 majalisar jiha ta danƙa wa magajin gari Richard Daley wuƙa da nama: shi ke naɗa ƴan hukumar, shi ke zaɓen shugaba. Wanda ya fara ɗorawa, Paul Vallas, ba daga aikin makaranta aka ɗauko shi ba, mai tsara kasafin kuɗin gari ne. Hujjarsu ita ce, in abu ya ɓaci a san ƙofar da za a buga. Hujja ce mai kyau, ban raina ta ba, don na sha ganin aikin da mutum goma ke riƙe da shi ya zama ba na kowa ba.

Amma a 2013, zamanin magajin gari Rahm Emanuel, hukumar da ba wanda ya zaɓe ta ta rufe makarantu kusan 50 a tashi ɗaya, akasarinsu a unguwannin baƙaƙen fata na kudu da yammacin garin. Iyaye sun cika zaurukan sauraron ra'ayi, sun yi kuka, sun yi zanga-zanga, aka ce an ji, aka rufe. Ba a daɗe ba, a 2015, shugabar gundumar ta lokacin rufewar, Barbara Byrd-Bennett, ta amsa laifin shirya karɓar toshiyar baki a kan wata kwangilar horar da daraktoci ta sama da dala miliyan 20, daga baya aka yanke mata ɗaurin shekara huɗu da rabi. Daga nan kiran a bar jama'a su zaɓi hukumar ya ƙi kwanciya, har gwamna J.B. Pritzker ya sa hannu a dokar a 2021. Aka faɗaɗa hukumar daga mutum 7 zuwa 21. A Nuwamban 2024 jama'a suka zaɓi 10, magajin gari ya naɗa 11, kuma bisa tsarin dokar daga Janairun 2027 duka kujerun na zaɓaɓɓu ne. Wannan zaɓen shi ne ƙanenki ba shi da ƙuri'a a ciki, sai ɗan ƙasa mai rajista.

Kada ki ɗauka zaɓe ya kawo zaman lafiya. Wata guda kafin a kaɗa ƙuri'ar, duka mutum bakwai na tsohuwar hukumar suka ajiye aiki tare, ana tsakiyar takun saƙa tsakanin magajin gari Brandon Johnson, wanda shi kansa tsohon malami ne kuma tsohon jami'in ƙungiyar malamai, da shugaban gunduma Pedro Martinez, wanda ya ƙi yarda a ciwo bashi don cike giɓin kasafi. A yaƙin neman zaɓen kuma ƙungiyar malamai da masu goyon bayan makarantun da ake ba ƙungiyoyi masu zaman kansu riƙo sun zuba miliyoyi, a kan kujerar da ko albashi ba ta da shi. Wanda ya kashe wannan kuɗi ba don Allah da Annabi ya kashe ba.

Na san abin da ke ranki, Hajiya: to mu fa? Muna da kwamitin kula da makaranta, COGES ɗin da daga baya aka mayar CGDES, ga ƙungiyar iyaye, ga ta iyaye mata. Tun da aikin haɗin gwiwa da Japan ya fara a Tawa a 2004 ya kawo zaɓen ƴan kwamiti ta ƙuri'ar sirri, na ga bambanci da idona, don kafin nan wanda ya fi kowa babbar riga shi ne shugaba. Kwamitin lakwal ɗin da na riƙe na ƙarshe, duk Oktoba su ke tara dala ashirin-ashirin, su sayo zana da itace a kafa azuzuwa, su gyara tebura, su bi gida-gida a kan yarinyar da ta daina zuwa. Amma akwai shekarar da aka turo mana wani malami da ke ɓacewa daga Alhamis sai Talata. Kwamiti ya rubuta, na rubuta, muka jira, shekara ta ƙare yana nan. Kaya a kan iyaye, akala a hannun wani.

Duk da haka ba zan yi miki ƙarya ba, da ina darakta aka ce iyaye shida ne ke riƙe da kwantiragina, da na yi ta juyi a shimfiɗa. Na taɓa hana ɗan wani mai hali wucewa aji na gaba don bai iya karanta sunansa ba, uban ya yi wata uku ba ya amsa sallamata a masallaci. Da yana cikin shidan nan, Allah kaɗai ya san ko zan iya. Ki tambayi ƙanenki mutum nawa ya tarar a layi ranar da ya je, don a makarantu da yawa na garin ƴan takarar ma ba sa cika kujerun.

Tambaya: Baba Mushe, ni ɗan kwantiragi ne a wata lakwal ta bayan gari. Su ma malaman can suna yajin aiki kamar mu, ko ƙoshi ya hana su?

Daga wani malami, Garin Malam

Amsa: Suna yi, ɗana, har da ganguna da jajayen riguna. A Satumban 2012, ƙarƙashin shugabar ƙungiyarsu Karen Lewis, sun rufe azuzuwa kwana bakwai, a 2019 kuma kwana 11. Bambancin shi ne ba da gwamnatin ƙasa suke zama ba, da hukumar garinsu suke ciniki, a rubuta yarjejeniya ta wasu shekaru, kowa ya sa hannu. Kuma ba a kan jinkirin biya suke fita ba. A 2019, ban da ƙarin albashi, sun nemi a rage yawan yara a aji, a kuma sa ma'aikacin jinya da mai kula da walwalar yara a kowace makaranta, aka rubuta musu a yarjejeniyar. In ka sake rubuto mini ka faɗa mini yara nawa ne a ajinka bana, da nawa ne a cikinsu ke zaune a ƙasa.