Mun gina kwata, mun ɗaga dokin ƙofa, amma ruwa bai fasa shigo mana ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni magidanci ne a unguwar Kurna, Kano. Shekara uku ke nan, duk watan Agusta sai ruwa ya shigo mana har tsakar ɗaki. Mun haɗa kuɗi a layinmu mun gina kwata, kowa ya ƙara bulo biyu a dokin ƙofarsa, amma abin sai gaba yake yi. Mahaifina ya ce lokacin da suka tare a unguwar ba a san haka ba. Shin sauyin yanayin nan ne da ake faɗa a rediyo, ko rashin tsari ne? Me ya rage mana mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, ya kiyaye gaba. Gaskiyar Baba ce. Abu biyun da ka ambata kowanne da hannunsa, sai dai a ganina na ƙasa, wato rashin tsari, ya fi na sama, wato sauyin yanayi, nauyi.

Na saman ba ya buƙatar dogon bayani. Ruwan Kano bai kai na Legas yawa ba, amma kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. Duk lokacin da zafin iska ya ƙaru da digiri ɗaya, takan iya ɗaukar ƙarin danshi kamar kashi 7 cikin 100, shi ya sa hadari in ya tashi zubarwa yake yi kamar da bakin ƙwarya. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna manyan hadura masu ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Ka tuna kuma an yi fari mai tsanani a 1973 da 1984. A irin waɗannan shekaru fadama takan bushe ta yi kama da tudu, mutum ya saya ya gina da zuciya ɗaya. Da damina ta dawo da ƙarfinta, sai ruwa ya zo neman tsohon masaukinsa.

To, masaukin nan shi ne asalin maganar. Mutanen da suka gina birnin Kano da badalarsa, tun daga zamanin Sarki Gijimasu, a nan kusa suke haƙar ƙasar tubali, ramin da ya rage ya zama kududdufi. Ba don ambaliya suka haƙa ba, amma aikin da ya riƙa yi ke nan: ya karɓi ruwan unguwa, ya riƙe shi, ƙasa ta sha a hankali, rijiyoyin maƙwabta su samu. Ga tsakar gida ta ƙasa, ga lungu na ƙasa, ga gonaki da fili a bayan gari. Yau an cike kududdufai da yawa da shara an yanka filoti, tsakar gida ta koma siminti, ƙofar gida intalok, soro ya koma kwano.

Yi wannan lissafin da kanka. Ruwa milimita ɗaya in ya sauka a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ne. Gida mai rufin murabba'in mita 100, a daren da aka yi ruwa milimita 50, zai zubo da lita 5,000, wato jarka 200 mai cin lita 25. Idan gida 40 ne a layinku, jarka 8,000 ke nan daga indararo kaɗai, kuma duk cikin awa ɗaya ko biyu. Wace kwata ce ta kuɗin karo-karo za ta haɗiye wannan, balle ledar ruwa da yashi sun cinye rabinta?

Kwata ba ta rage ruwa ko cokali, hanzarta shi kawai take yi zuwa gaba. Taku tana kai wa na ƙasa da ku, ta waɗanda ke sama tana kawo muku. Haka bulon dokin ƙofa: wanda ya fi kuɗi ya fi ɗagawa, ruwan ya zarce gidan wanda bai samu ba, yawanci gidan ƙasa na wata tsohuwa. Galibin ruwan cikin birni da arewacinsa rafin Jakara yake nufa, na kudu ya gangara kogin Challawa, don haka abin da aka yi a wata unguwa a wata yake fashewa. 'Yan Kantin Kwari sun ga haka a daminar 2022, da ruwa ya shiga shaguna ya lalata yadi da atamfa. Ko titin Wuju-Wuju da aka faro a kan Jakara a zangon Kwankwaso na biyu, na fahimci dalilinsa, domin wari da ƙazantar rafin sun ishi mutane. Amma rafin da aka rufe da kankare faɗinsa ya tsaya ke nan, kuma yashe shi sai da kayan aiki.

Ba wai Kano ba ta taɓa samun tsari ba. An yi mata na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, wanda wani masanin tsara birane mai suna Trevallion ya jagoranci shirya shi. Gari ya tsere wa takarda, ya malala cikin Kumbotso da Ungogo, mafi yawa ta hanyar awon igiya. Mai gona da dillali ba sa barin filin ruwa, domin ba a sayar da shi. Tun ran gini ran zane: hanyar ruwan da za a ware kyauta kafin a yanka gona, bayan an gina sai da rusau da diyya da kuka.

Na san abin da za a ce: kududdufi ai sauro ne da bola, kuma yara suna nitsewa. Haka ne, ban musa ba. Amma maganinsa gyara ne, ba cikewa ba. A Rotadam ta ƙasar Holan, a 2013 aka buɗe wani dandali mai zurfi wanda matasa ke wasan ƙwallo a ciki, in an yi ruwa mai yawa ya zama tafki na ɗan lokaci. Ƙasar Sin ma tun 2015 take gwada abin da ta kira birni mai kama da soso. Namu ya fi sauƙi, tunda ramukan suna nan. A kwashe sharar, a kwantar da gaɓar kada ta zama rami mai tsaye, a yi mata mafita yadda ruwa zai janye cikin kwana biyu ko uku. Sauro yana buƙatar kamar mako guda kafin ƙwansa ya zama mai cizo. Da rani wurin ya zama filin ƙwallo, a zagaye shi da darbejiya da maɗaci. Wannan ƙasar da aka bari a buɗe ita ce kuma za ta rage zafin Afrilu da ke kai digiri 40, ta ciyar da burtsatse, domin ƙarƙashin Kano dutse ne, ruwan da ke samansa kuwa daga damina yake zuwa.

Yanzu abin da ke hannunku. A gida, ka fasa wani ɓangare na simintin tsakar gida ka zuba tsakuwa ko ka dasa itace. Ka tara ruwan indararo a tanki mai murfi. In da wuri, a haƙa sokawe na ruwan sama zalla, nesa da shadda da rijiya, kuma kamar mita biyar daga tushen gini. In gidan ƙasa ne ko wurin yana da laka mai riƙe ruwa, a bari sai injiniya ya duba. Yashe kwata a watan Mayu ake yi, kuma a kwashe abin da aka fitar ranar, kada a jibge shi a baki ruwan farko ya mayar.

Abin da ya fi waɗannan duka shi ne ku bi ruwan da ƙafa. Ran da aka yi mai yawa, da ya tsagaita, ku fita ku uku ko huɗu tare da mai unguwa, ku ga ta inda yake shigowa da inda ya kamata ya fita. Sau da yawa za ku tarar da kwalbati guda da ya yi ƙanƙanta, ko katanga da aka ɗora a kan hanyarsa. Ku ɗauki hoto, ku shata alamar inda ya tsaya a bango da fenti da kwanan wata. Ku tafi da Baba da sa'o'insa su nuna inda kududdufi da fadama suke a da. Sannan ku haɗa kai da layukan sama da na ƙasa, ku rubuta takarda ɗaya ta hannun dagaci zuwa ƙaramar hukuma da hukumar tsara birane ta jiha (KNUPDA) da ma'aikatar muhalli, kuna neman gyaran wannan wurin takamaimai. Idan kuma akwai sauran kududdufi ko fili a kusa da ku da ba a riga an yanka ba, ku sa shi a sahun farko na takardar, ku nemi a yi masa iyaka da turaku kafin rani.