Amsa kan sauya labulen tagogin motar tafi-da-gidanka

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce labulen da ya zo da motarka ta tafi-da-gidanka, wato mai wurin kwana da girki a ciki, mai ninki-ninkin nan da ake ja sama da ƙasa, ya fara saki, wani ya karkace, wani kuma ba ya tsayawa inda aka bar shi, kana neman shawara ko gyara za ka yi ko sauyawa, in sauyawar ce kuma wane iri. Na daɗe ina yawo da kwana a irin wannan mota, kuma da hannuna na sauya nawa, don haka ga abin da na gani.

Kafin ka cire komai, ka fara gane ciwon. Zare ne ke riƙe da wannan labule, guda biyu ko huɗu gwargwadon faɗin tagar. Suna tasowa daga wani ɗan sifirin a cikin sandar sama, su ratsa ƙananan hudojin da ke jikin yadin, su gitta juna a cikin sandar da kake kamawa, sannan su sauko a ɗaure su a wasu 'yan maɗaurai na roba da ke bango ƙasan tagar. Ƙarfin ɗaurin zaren shi ke tsayar da labulen. Idan yana zamewa ƙasa da kansa, zaren ne ya yi sako-sako. Sassauta sukurun maɗaurin, ka ƙara wa zaren zagaye ɗaya, ka mayar, ka yi haka a ɓangarorin biyu daidai wa daida. Idan kuma sai ka yi da ƙarfi yake motsi, an ɗaure shi fiye da kima, kuma wannan ne ke cinye zaren a bakin huda har ya tsinke. Sa sabon zare ba wani abin tsoro ba ne. Ana samun nasa mai kauri kamar milimita 1.4, aikin dai na buƙatar haƙuri da doguwar allura, kuma ka ɗauki hoton yadda tsohon ya bi kafin ka zare shi. Muddin yadin da sauran ƙarfinsa, gyara ya fi. Amma in ka lanƙwasa ninki ɗaya ka ji yana ƙaras-ƙaras, ko ka ga ya fara tsagewa a kan layin, rana ta gama da shi, kada ka ɓata lokacinka.

In an zo sauyawa, shawarata ɗaya ce: kada ka sayi iri ɗaya ka liƙa wa duk tagogin. Tagar wurin zama, ta gado, da ta wurin girki, kowacce da bukatarta.

A wurin zama na sa mai naɗewa a kan sanda, irin mai hawa biyu: na gaba raga ce mai duhu ta rana, na baya yadi ne mai kauri na dare. Babu zare ko ɗaya, ka ja ka saki ya tsaya, ka sake taɓawa ya hau a hankali. Tagar da ake buɗewa ana rufewa kullum, wannan ne ya dace da ita. Ragar ranar tana zuwa da lamba, kashi 3, 5 ko 10 cikin ɗari, wato yawan hudar da ke jikin saƙar. Ƙaramar lamba ta fi tare rana, babba ta fi barin ka ga waje. Ni kashi 5 ya fi kwanta mini. Kuma raga mai duhu ta fi mai haske daɗin kallo, domin farar takan ɗauki hasken rana ta kashe maka ido. Sai dai ka riƙe wannan: da rana na waje ba ya ganinka, amma da magariba ta yi ka kunna fitila, lamarin juyawa yake yi, kowa na ganin cikin ɗakinka kai ba ka ganin kowa. Iyali su san da haka, a riƙa sauke na dare da wuri.

Mai naɗewa yana da nasa aibin. Yadin bai kai faɗin sandar ba saboda maƙalan gefe, don haka haske na satar hanya ta dama da hagu. Kuma in ka bar shi a sauke kana tuƙi, sandar ƙasa za ta yi ta dukan bango a duk gargada har ta bar tabo. Ko dai ka naɗe shi kafin ka tashi, ko ka sa masa ɗan maganaɗisu a ƙasa. Saboda satar hasken nan ne ban sa shi a wajen gado ba. Can na zaɓi mai firam, wanda yadin ke gudana a cikin kwaroro ta gefe biyu, labule daga wannan ɓangare, ragar sauro daga wancan, su haɗu a tsakiya. Kamfanoni irin su Dometic da Remis suna yin sa, kuma shi ne aka fi gani a motocin Turai. Duhunsa cikakke ne, ba ya kuma ƙara a hanya. In sanyi ya fi damunka, akwai mai ninki biyu da iska a tsakani, wanda in ka leƙa ta gefe za ka ga kamar saƙar zuma. Yana rage sanyin da ke tasowa daga gilashi ƙwarai.

Tagar da ke bayan murhu kuwa, kada ka sa mata yadi ko kaɗan. Na alminiyam mai siraran faifai za ka sa, ba ya kama wuta, maiƙo ma goge shi ake yi.

Yanzu awo, inda yawancin mutane ke asara. Faɗin taga kowa na aunawa, abin da ake mantawa shi ne zurfin akwatin adon da ke saman tagar. Mai hawa biyu ya fi tsohon naka kauri nesa ba kusa ba, in akwatin siriri ne ba zai shiga ba, sai an ciro shi an ƙara masa katako. Auna faɗi a sama, tsakiya da ƙasa, ka ɗauki mafi ƙanƙanta, domin akwatunan nan ba kasafai suke miƙe ba. Duba mariƙin buɗe taga, ka ga iya yadda ya turo daga bango, kada labule ya riƙa hawa kan mariƙin. Sannan bangon kansa: filawud ne siriri, kamar milimita 3, bayansa soso, bayan soson fatar mota. Dogon sukuru zai iya hudowa waje, ka jawo wa kanka yoyon ruwa. Yi amfani da tsofaffin hudoji inda ya yiwu, domin galibi akwai katako ko ƙarfe a bayansu, ka gwada tsawon sabon sukuru da tsohon, ka ɗaure da hannu ban da inji. Tagar fita ta gaggawa kuma, duk abin da ka sa mata, ka tabbata hannu zai kai ga mariƙinta a cikin duhu ba tare da lalube ba. Wannan ba na wasa da shi.

Ka ambaci zafi. Gaskiyar magana, labulen ciki yana rage shi ne kawai, domin kafin rana ta same shi ta riga ta ratsa gilashi. Mayafin da ake rufa wa gilashin gaba ta waje ya fi kowane labulen ciki aiki, kuma da sanyi yana hana gilashin yin zufa da safe. Akwai haɗari ma a rufe ciki ruf. In tagoginka na roba ne masu ninki biyu, zafi kan taru tsakanin labule da taga har robar ta lanƙwashe, shi ya sa masu ƙera su ke cewa a rana mai ƙarfi a rufe kashi biyu bisa uku kawai. Ledar nan mai ƙyalli da wasu ke mannawa jikin taga ita ma haka take tara zafi.

Mai rimot kuwa, yana aiki da batirin ɗaki, wato na ɓangaren zama ba na injin mota ba, mai volt 12, kuma yana da daɗi a gilashin gaba ko tagar da hannu ba ya kai wa. Sai ka sa masa fis, sannan na gilashin gaba a haɗa shi yadda ba zai sauko duka ba in inji na aiki. Sauran tagogin, na hannu ya wadatar.

Ka fara da taga ɗaya, wadda ta fi lalacewa. Sayo nata kaɗai, ka ɗaura, ka yi tafiya da shi a hanya mai gargada ka ji ko yana ƙara, sannan ka yi odar sauran. In ka turo awon zurfin akwatinka da hoton mariƙin tagar, zan gaya maka ko mai hawa biyun zai shiga.