Hans da John sun cika Turai kuwa?

Malam, kana tambaya ko da gaske kusan kowane Bajamushe Hans ne, kowane ɗan Ingila kuma John. A'a, sunayen suna nan, amma yawancin masu su tsofaffi ne.

Shekarun mutum za ka duba. Lokacin da na yi aiki da wasu Jamusawa masu gyaran injin, Hans ɗaya ne tak, furfura ta gama rufe masa kai, samarin kuwa Lukas ne da Felix. Jariran Jamus na yanzu Noah ake yawan raɗa musu. A Ingila da Wales ma, Muhammad ne ya zo na ɗaya a sunayen jarirai maza na 2023, John ko goman farko bai leƙa ba.