Ina son lissafi, ina kuma son zama likita: wanne zan riƙe?

Wasiƙar farko ta wannan mako ta fito ne daga wata ɗaliba 'yar aji biyu na babbar sakandare a Funtuwa, ga kuma abin da ta rubuto a taƙaice: "Malam, tun ina firamare babu darasin da nake jin daɗinsa kamar lissafi, har nakan kai tsakar dare ina fama da tambaya ɗaya ban gaji ba. Amma burina tun ina ƙarama shi ne in zama likitar mata. Malaminmu na lissafi ya ce asara ce in tafi likitanci, yayata kuma ta ce lissafi ba zai tsinana mini komai a can ba. Wanne zan bi, kuma me ya kamata in fi mayar da hankali a kansa daga yanzu?"

'Yata, da malaminki da yayarki kowannensu ya riƙo wani ɓangare na gaskiya, sai dai babu wanda ya gaya miki inda hanyar ta rabu, kuma daga nan ya kamata mu fara. Mai neman gurbin likitanci a jami'o'in Nijeriya darussa huɗu yake rubutawa a jarrabawar JAMB: Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Babu lissafi a cikinsu. Mai neman injiniya kuwa Turanci yake rubutawa da Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Idan kika jera su gefe da gefe za ki ga darasi ɗaya tak ne ya raba su, ko dai Bayoloji ko Lissafi, kuma tun da darussa huɗu kawai ake yarda mutum ya cike, ba zai yiwu ki nemi likitanci da injiniya ko digirin lissafi da rajista ɗaya ba. Ranar da za ki zauna a gaban kwamfutar cike fom, a aji uku, ita ce ranar yanke hukunci. Kafin wannan rana babu abin da ya tilasta miki sakin ɗaya, domin Fiziks da Kemistiri suna yi wa hanyoyin biyu aiki, sannan ko likitancin ma sai kin kawo kiredit biyar a WAEC ko NECO, da Lissafi a cikinsu, tare da Turanci da darussan kimiyyar nan uku. Jami'o'i da dama sun fi son a kawo su a zama ɗaya, saboda haka ki duba sharaɗin jami'ar da kike so a kundin JAMB na shekararku tun da wuri.

Yanzu ga abin da nake jin ba a gaya miki ba, kuma ina ganin zalunci ne a ɓoye shi. Mai son lissafi ya saba da wani irin karatu: ya fahimci ƙa'ida ɗaya, sai ya fitar da amsoshi ɗari daga cikinta, ko da ya manta zai iya sake gino ta da fensiri da takarda. Shekara ta biyu da ta uku na karatun likitanci, wanda shekara 6 ne gaba ɗaya, ba haka suke ba. Ilmin ƙirar jikin ɗan Adam, wato Anatomi, hadda yake bukata mai yawan gaske. Ƙasusuwan babban mutum 206 ne, kowanne da sunansa da sunayen tudu da kwarin da ke jikinsa, kowace tsoka da inda ta taso da inda ta maƙale da jijiyar da ke motsa ta, kuma babu wata ƙa'ida da za ta fitar miki da sunan da ba ki haddace ba. A ɗakin fiɗar gawa za a nuna miki abu a ce faɗi sunansa, ko kin sani ko ba ki sani ba. Na ga hazikan yara da suka saba zuwa na ɗaya a lissafi sun shiga damuwa a wannan mataki, ba don ƙwaƙwalwarsu ta gaza ba, sai don ba su taɓa horar da kansu a kan karatun maimaici ba. Idan kin yi makarantar allo ko Islamiyya kin san tilawa da muraja'a, to wannan tarbiyyar ce za ta cece ki a can, kuma yana da kyau ki fara yi wa Bayoloji irin wannan riƙo tun yau.

Amma yayarki ta yi kuskure da ta ce lissafin ba zai amfane ki ba. A darasin aikin gaɓoɓin jiki za ki tarar da ƙa'idar da ke cewa idan faɗin jijiyar jini ya ragu da rabi, alhali ƙarfin turawar bai canza ba, jinin da ke bi ta cikinta ba rabi zai koma ba, zai koma kashi ɗaya cikin 16. Abokan karatunki za su haddace wannan, ke kuwa za ki gane dalilinsa nan take, kuma za ki fahimci abin da ya sa ɗan ƙanƙancewar jijiya yake zama babban al'amari. A ɗakin marasa lafiya kuma lissafi aikin kullum ne. Yaro mai nauyin kilo 12 da aka rubuta wa farasitamol miligiram 15 a kan kowane kilo yana bukatar miligiram 180, idan kuma kwalbar ta nuna akwai miligiram 120 a cikin kowace mililita 5, to mililita 7.5 za a ba shi. Ledar ƙarin ruwa mai mililita 500 da ake so ta ƙare cikin awa 4, da robar da ke ba da ɗigo 20 a kowace mililita, tana bukatar wajen ɗigo 42 a minti ɗaya. Wannan ba lissafi mai zurfi ba ne, amma ana yin sa da ƙarfe biyun dare, a gajiye, uwa tana tsaye tana kallo, kuma gocewar ɗigon lamba wuri ɗaya na nufin an ninka magani sau goma.

Tun da likitar mata kike son zama, ga wani wurin da za ki bukace shi fiye da yadda kike zato. Ma'aurata masu nau'in jini (genotype) AS da AS, wato kowannensu yana ɗauke da gadon sikila, za su zauna a gabanki, sun ji an ce ɗaya cikin huɗu ne ke zuwa da sikila, ɗansu na fari ya zo da ita, sai suka ɗauka sauran ukun sun tsira. Ke ce za ki fahimtar da su cikin tausasawa cewa kowane ciki lissafinsa daban ne, kowanne yana ɗauke da wannan kashi 25 cikin 100 ɗin daga farko. Likitan da bai fahimci wannan da kyau ba ba zai iya bayyana shi ga wanda bai yi boko ba.

Shi kuma malaminki da yake jin tsoron asara, ki ba shi labarin Ronald Ross, likitan Birtaniya da ya gano ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikin cikin sauro a Indiya a 1897, aka ba shi kyautar Nobel a 1902. Mutum ne mai tsananin son lissafi, kuma da lissafin ya nuna cewa ba sai an kashe sauro duka ba kafin cutar ta daina yaɗuwa, ya isa a rage yawansa zuwa ƙasa da wani mataki. A nan gida ma, tsakanin 1969 da 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da wani babban bincike a ƙauyukan Garki, da ke Jihar Jigawa a yau, inda aka gwada lissafin yaɗuwar zazzaɓin a kan abin da ke faruwa a zahiri, kuma masana suna komawa ga wannan aiki har yanzu. Fannin lafiyar al'umma da nazarin annoba suna neman likitan da ba ya tsoron lambobi, kuma irinsa ba su da yawa.

Hukuncina shi ne ki nemi likitancin, amma da sharaɗi ɗaya. A hutun da ke tafe ki nemi zama 'yar jinyar wani ɗan uwa ko maƙwabciya da aka kwantar, ki kwana biyu ko uku a asibiti, ki ji warin ɗakin, ki ga jini da amai da kukan dangi. Idan kika fito zuciyarki tana son komawa, to marar lafiya kike so, ki cike Bayoloji ba tare da waiwaye ba. Idan kuwa kika ga sunan "likita" ne da farar riga suke jan ki, babu abin kunya a ciki, ki cike Lissafi ki nufi ƙididdiga ko injiniyan kayan asibiti, za ki yi wa marasa lafiya aiki ta wata ƙofar.

Wasiƙa ta biyu daga wani mahaifi ce a Zariya, ɗan kasuwa, wanda ɗansa zai rubuta JAMB a bana yana neman likitanci. Ya ce ya ware wasu 'yan kuɗi, yaron yana roƙon a saya masa kwamfutar tafi-da-gidanka, wani abokinsa kuma ya ce gara a biya kuɗin darasin yamma, shi kuwa har ya yi sha'awar saya masa abin sauraren ƙirji irin na likitoci don ƙarfafa masa gwiwa. Yana tambaya wanne ya fi.

Alhaji, Allah ya saka da alheri da wannan kulawa. Abin sauraren ƙirjin a ajiye maganarsa tukuna, domin sai karatu ya yi nisa ake fara amfani da shi sosai, kuma a lokacin malamansa za su faɗa masa irin wanda ya dace. Kwamfuta ma ba ita ce kan gaba ba. Jarrabawar tambaya 180 ce cikin awa 2, Turanci 60, sauran darussa uku 40 kowanne, ke nan daƙiƙa 40 ce ke kan kowace tambaya idan aka raba daidai. Abin da yaron ke bukata shi ne sanin darasin da kuma saurin amsawa a gaban allo, kuma na biyun ana samun sa da kuɗi kaɗan: a biya masa awa biyu sau ɗaya ko sau biyu a mako a wata cibiyar kwamfuta da ke da manhajar gwaji, ya riƙa zama kamar ranar jarrabawa ce, sannan a yi masa rajistar jarrabawar gwaji da JAMB ke shiryawa kafin ta gaske.

Ni da kuɗin a hannuna suke, littattafai zan fara saya, nasa na kansa waɗanda zai iya ja wa layi ya yi rubutu a gefensu: New School Chemistry na Ababio, New School Physics na Anyakoha, da Modern Biology na Ramalingam, sai kundin tambayoyin shekarun baya na darussan huɗu. A sa shi ya sauke manhajar karatun JAMB, wato jerin batutuwan da ake tambaya a kansu, daga shafin hukumar, kyauta take, ya riƙa yi wa kowane babi alama idan ya gama. Wajen sayen littafi a buɗe a duba zane-zanen, domin bugun jabu ya cika kasuwa, kuma a littafin Bayoloji zanen da ya dusashe tamkar babu shi ne. Gara tsohon littafi na asali da aka saya hannun wanda ya gama da sabo fil na jabu. Abin da ya rage sai a kai shi darasin yamma, amma a darasin da yaron ya fi rauni kaɗai, kuma kafin a biya, Alhaji ya je da kansa ya ga yawan ɗaliban ajin, ya tambayi ko ana yi musu gwaji ana gyara musu. Duk cibiyar da ta yi alkawarin "taimako" a ranar jarrabawa a guje ta, domin sakamakon da aka soke ko aka riƙe ya fi faɗuwa ciwo, ga kuma abin da yaron zai koya daga hakan. A kuma tabbatar sunansa da ranar haihuwarsa a lambar NIN sun yi daidai da na takardun makaranta kafin a buɗe rajista, don gyaran yana cin lokaci.

Tambaya ta ƙarshe gajeriya ce, daga wani ɗalibi a Gusau: ko ya sayi kalkuleta mai tsada, kuma ko ya ci gaba da darasin Further Mathematics, wato lissafi mai zurfi, tun da likitanci yake so.

Ɗana, ba a shiga ɗakin JAMB da kalkuleta, akwai ƙarama a kan allon kwamfutar, saboda haka ka saba da yin lissafin Fiziks da Kemistiri da hannu. Don aji da WAEC kuwa, Casio ta kimiyya wadda ba a iya loda mata bayanai ta wadatar, sai dai ka tambayi makarantarku irin wadda aka yarda a shiga da ita, ka kuma gwada dukkan maɓallanta a gaban mai shago kafin ka biya. Shi kuwa Further Mathematics ba ya cikin sharuɗɗan likitanci, amma zai sauƙaƙa maka Fiziks yanzu da kuma lissafin shekarar farko a jami'a. Ka riƙe shi matuƙar makinka na Kemistiri da Bayoloji bai yi ƙasa ba. Idan ka ga sakamakon zango biyu a jere yana nuna sun fara raguwa, ka rage masa lokaci zuwa ranar Asabar kaɗai, ka ba su sauran kwanakin.