TAMBAYA DA AMSA: Kawu, in mai da aboboyata gyaɗa?

Salamu alaikum Kawu. Ni ɗanku ne daga Aboabo, nan Kumasi. Mamana tana soya ƙuliƙuli tana matse man gyaɗa tun ina ƙarami, yanzu mun fara ƙullawa a leda da robobi. To na ga wani bidiyo a TikTok, wata mota a Amurka an ƙera ta sak ɓawon gyaɗa tana yawo gari gari mutane na ta ɗaukan hoto, wai gaske ne ko haɗin kwamfuta ne? In gaske ne ina so in kai aboboyata (babur ɗin dakon kaya mai ƙafa uku) Magazin, unguwar makanikai da masu walda ta Suame, a yi mata irin wannan jikin in riƙa zagaya Mampong da Ejura har Techiman ina talla. Yayana ya ce hauka ne, kuɗi kawai zan zubar. Me kuka gani?

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi wa sana'ar Hajiya albarka. Motar nan gaske ce. Ta kamfanin Planters ce masu sayar da soyayyar gyaɗa, suna ce mata NUTmobile, tsawonta ƙafa 26. Ba ma ita ce ta fi suna ba, akwai ta kamfanin Oscar Mayer mai siffar sosej kwance cikin burodi, Wienermobile, wadda aka fara ƙerawa a Chikago tun 1936. (Abincin nasu dai ba namu ba ne, akwai mai naman alade a ciki, motar kawai muke magana.) Guda 6 ne ke yawo a ƙasar, kowacce tsawon ƙafa 27, tsayi ƙafa 11, kuma tun 1988 kamfanin ke ɗaukan yara sabbin gama jami'a, biyu a kowace mota, su yi shekara ɗaya cur a hanya. A 2023 sun canja mata suna zuwa Frankmobile, ba a yi wata shida ba suka dawo da tsohon.

Amma ga abin da bidiyon bai nuna maka ba: motar sosej ɗin nan ba ciniki take yi ba. Usur suke rabawa yara, a ɗau hoto, a yi dariya, su tada mota su wuce gari na gaba. Kamfani ne ke biyan mai da otal da albashi, kuma bai damu ba don duk ƙauyen da suka shiga kayansa na nan jibge a kanti tun kafin su iso, motar tuna wa mutane kawai take yi. Kai kuwa in ka shiga Mampong yara suka biyo ka da ihu, mata suka ɗanɗana suka ce kai wannan ƙuli da yaji yake, ka juya Kumasi da yamma, jibi mai son ƙari ina za ta samu? A nan maganar yayanka take da ƙamshin gaskiya. Kafin ka ba mai walda ko sidi ɗaya, je ka da aboboyar yadda take, ka samu mai kanti ko mai koko ɗaya a kowane gari da za ta karɓi kaya, in ta sayar ta turo maka kuɗin ta momo, wato ta waya. In wannan ya zauna, sannan gyaɗar ƙarfe za ta yi amfani.

Sannan hanyar da ka zaɓa ban gane mata ba. Ejura fa garin manoma ne, zangonsu cike yake da matan da suka iya matse gyaɗa kamar mamanka, kuma can ɗanyar ta fi araha. Ranar Litinin da kasuwarsu ke ci ka je sayen buhu, ba kai talla ba. Ni da kai ne kudu zan nufa, Bekwai, Obuasi, Konongo, Nkawie, inda ake shan miyar gyaɗa da fufu amma ba a noma ta sosai. Lasifikarka kuma ta yi Tonanci (Twi), Hausa ka ajiye ta sai ka shiga zango.

Batun ƙira, Suame Magazin ba abin da zai gagare su, damuwata nauyi ne. Aboboya ƙafa uku gare ta, in aka ɗora mata abu mai tsayi a bisa, kwana ɗaya mai kaifi ko iskar tirela ta isa ta kwantar da ita, balle hawan dutsen Mampong da lodi. Kar su sa maka falanki ko ƙarfe mai kauri. Siririn rodi da ragar waya, a lulluɓe da faiba, a yi shi da noti yadda za ka kwance ka sauke ranar da za ka ɗauko buhu. Kar ya rufe maka madubi, kar ya fi faɗin bodin.

Takardu kuma kar ka ce sai an kama ka. In an taɓa jikin abin hawa ka kai DVLA, hukumar lasisin tuƙi da rajistar abin hawa, su duba, ka faɗa wa masu inshora. Kayan da aka ƙulla aka manna wa suna FDA, hukumar abinci da magunguna ta Ghana, ce ke masa rajista, tallan abinci ma sai da izininta, kuma suna da tsarin lasisi mataki mataki don ƙananan masu sana'a irinku. Gyaɗa suna sa mata ido sosai saboda dafin da ke fitowa in ta yi fumfuna, don haka Hajiya ta ci gaba da tsince ruɓaɓɓu. Kowane gari ka leƙa ofishin asambuli, wato ƙaramar hukuma, ka yanki tikiti kafin ka kunna lasifika, kuma ka kashe ta kusa da masallaci, coci da asibiti.

Yayan naka ka ja shi ku tafi tare ranar farko. Mutum ɗaya ba zai iya tuƙi da miƙa ɗanɗano da ƙirga canji ba, ga yara na hawa bodi ta baya. In an gama ƙirar ka aiko mana da hoto mu sa a wannan shafin.