Wane abin riƙe magagari zan saya don wasa sarƙar injin yankan itace?

Malam, ka tambaya wanne ya fi. Fara duba girman sarƙarka, wato tazarar mahaɗanta a ma'aunin inci, domin shi ke zaɓa maka magagari: sarƙa mai .325 tana son mai kaurin milimita 4.8, ƙaramar 3/8 kuma milimita 4.

Ni dai na fi son mai aiki biyu irin na kamfanin Stihl ko Pferd. Yana wasa haƙori, a lokaci guda yana rage ɗan tudun da ke gabansa. Tudun nan mutane ke mantawa da shi, sai haƙori ya yi kaifi amma injin na fitar da gari maimakon ɓarɓashi.

Abin riƙe magagari mai siffar faranti, mai zanen digiri 30 da ke nuna kusurwar wasa haƙori, ya fi arha, sai dai yana buƙatar tsayayyen hannu. Ka tura magagari gaba kawai, daga ciki zuwa waje.